Gidan da Ba a Ba Lauya Haya

Ƙarar ta fara ne bayan an ɗauke wuta, a wani dare da zafi ya hana kowa barci a Lungun Marina na birnin Allahabad, a ƙasar Indiya. Ƙwas. Sai shiru. Ƙwas, ƙwas. Sannan wani dogon ja, siiii, kamar ana zare igiya daga cikin busasshiyar fata. Mehrunnisa tana kwance bisa gadon igiya a tsakar gida, da mafici a hannu. Ta ɗaga kai ta dubi ɗan ɗakin da ke saman rufi, inda hasken kyandir ke rawa a taga. Daga can ƙarar ke saukowa, daga ɗakin Nikhat, 'yar hayarta.

Ba ɓera ba ne, don ɓera ba ya tsayawa ya huta. Ba biri ba ne, birai sun kwanta tun magariba a kan tankin ruwan maƙwabta, har da tsohon nan mai kunne ɗaya da ba ya satar komai sai tabarau. Abin da ya fi damunta shi ne ta san ƙarar. Jikinta ya gane ta tun bugun farko, amma kanta ya ƙi gaya mata inda ta taɓa jin ta. Haka ta yi ta juya abin har aka kira assalatu.

Gidan Mehrunnisa siriri ne, dogo, kamar akwatin da aka tsayar a gindinsa. Ita tana tsakiya. A sama akwai ɗakin haya. A gaba kuma akwai ɗakin da ke buɗewa cikin lungu, wanda nata ne a takarda, amma rabonta da taka shi tun gashinta yana baƙi. Mijinta, marigayi Ishrat Ali mai turare, ya taɓa yin rigima da wani maƙwabci a kan magudanar ruwa. Ana cikin haka sai ga wani saurayin lauya mai suna Saksena, ba shi da komai a duniya sai tebur ɗaya da baƙar kwat. Ya haɗa hannuwa ya ce, "Ka bar ni in zauna a ɗan ɗakin nan kafin in samu wuri, ni kuwa in riƙe maka shari'arka, ba sai ka nemi kowa ba." Ya riƙe, ya kuma yi nasara. Ranar da aka yanke hukuncin magudana, ya zo da baƙin allo mai farin rubutu, ya kafa ƙusa a bangon ƙofa ya rataya. Daga ranar bai sake neman wuri ba.

Daga baya Ishrat Ali ya kai ƙara don a fitar da shi daga ɗakin. Aka ba shi rana, ranar ta haifi wata rana, har ya rasu yana jiran wadda ke gaba. Shi ma Saksena ya mutu, aka ƙone gawarsa a bakin kogi bisa al'adarsu ta Hindu. Ɗansa, wanda ba a ma haifa ba lokacin da aka kafa ƙusar, ya zauna a teburin. Allon ma bai canza ba, harafin farko na sunan uban kawai ya kankare ya rubuta nasa. Magudanar kuwa tuni hukuma ta cike ta. Shari'ar ce kaɗai ta rage da rai.

Saboda haka doka ɗaya ce a gidan: ba a ba lauya haya. Ba kuma Mehrunnisa kaɗai ba. A garin nan mai gida zai ba mahauci ɗaki, zai ba mai busa a gidan biki, zai ba ɗalibin da ke soya kifi da rana tsaka, amma da ya ji kalmar lauya sai ya tuna rufin yana yoyo, kuma ɗan ƙanwarsa na nan tafe daga ƙauye.

Nikhat ta zo daga Jaunpur tare da kawunta, siririya, mai tabarau, muryarta ƙasa-ƙasa. Kawun ya ce digiri na biyu za ta yi a jami'a, a fannin tarihi. Aka rubuta takardar haya ta wata goma sha ɗaya, yadda kowa ke yi. Yanzu saura kaɗan wa'adin ya cika, kuma a tsakanin nan yarinyar ta shiga ran tsohuwar ba da saninta ba. Tare suke cin gurasa da miyar wake. Ran Juma'a Mehrunnisa takan zaunar da ita ta shafa mata man kwakwa a ka, tana yi mata faɗa wai karatu zai cinye mata gashi.

Da safe, tana zuba mata shayi, ta tambaye ta kamar da wasa me ake kafawa a sama cikin dare.

"Takalmina ne ya ɓalle, Khala," in ji Nikhat, idonta a kofi. Haka take kiranta, Khala, wato Inna.

Da yarinyar ta sunkuya za ta sa takalman a bakin ƙofa, Mehrunnisa ta dube su sosai. Tsofaffi ne, amma babu sabon ɗinki ko ɗaya a jikinsu.

Ta hau rufi wai za ta shanya barkono. Bimla, maƙwabciyarta, tana can nata rufin tana jera yankakken ɗanyen mangwaro a tabarma, da sanda kusa da ita saboda birai. Katanga ce iya ƙugu a tsakaninsu, kuma a kan katangar nan aka ƙulla aka kuma kwance auren rabin mutanen lungun. Bimla ta ji ƙarar, ta ce ai ta ma riga Mehrunnisa ji. Ta ƙara da abin da ba a tambaye ta ba. Yarinyar tana fita da gyale mai launi, amma mijin 'yarta ya taɓa hango ta wajen tashar mota cikin fararen kaya tas, kamar wadda mijinta ya mutu. Jakarta kuma ta yi wa ɗaliba girma. Mafi muni, ran nan da idonta ta ga ɗan Saksena ya tsayar da ita a bakin ɗakinsa, ya faɗa mata wata magana da Turanci ya yi dariya, ita kuwa sai da ta waiga ta dubi tagar Mehrunnisa kafin ta amsa.

"Tarihi," in ji Bimla, tana karkaɗe gishiri daga hannunta. "Ke Mehru, tarihin uban wa ake bugawa da guduma? Ko dai saurayi, ko tsafi. Ni na fi zaton tsafi, don saurayi ba ya ƙara haka."

Daga ranar Mehrunnisa ta sa ido. Abubuwan da a da take yi wa dariya suka fara sauya kama. Yarinyar ba ta taɓa ce mata e ko a'a kai tsaye ba. Ko tambayarta aka yi ko miya ta ji gishiri, sai ta ce ya danganta. Wata rana da Mehrunnisa ta ce mai madara yana ƙara ruwa, Nikhat ta ajiye cokali ta tambaye ta a hankali ko da idonta ta gani, ko kuwa gaya mata aka yi. Ƙawaye ba sa zuwa wajenta. Ɗakinta kullum a kulle, ko da banɗaki za ta sauko. Ƙarar kuma ba ta daina ba, wani daren a yi, wani daren a fasa, kuma duk sanda tsohuwar ta kusa kama inda ta san ta, sai ta suɓuce mata.

Ranar kotu ta zo. Mehrunnisa ta sa baƙin lulluɓinta ta hau riksha, keken haya mai ƙafa uku, kamar yadda take yi tun tana bin bayan mijinta. Lauyanta, tsoho Kidwai, wanda kunnensa ya yi nauyi har sirri ma sai an yi masa ihu, ya shaida mata alƙali ya tafi hutu, an ɗaga. Ta karɓi sabuwar ranar, ta fito ta zauna a gindin darbejiya a harabar kotun don ta sha iska. Nan magatakardan lauyoyi ke jere da ƙananan teburansu, ga masu buga takarda, ga masu sayar da kan sarki, ga wani mai aku da ke zaro wa mutane katin sa'a kafin su shiga gaban alƙali. Akun ya tsufa, katin da ke kusa da ƙafarsa kawai yake zarowa, don haka kowa nasara ake yi masa albishir da ita, mai ƙara da wanda ake ƙara. Tana kallon akun ne ta ji.

Ƙwas. Ƙwas, ƙwas. Siiii.

Wani magatakarda ne kusa da ita ya tara takardun ƙara a kan katako, ya ɗora basilla a kusurwarsu, ya buga mata dutse har ta huda, sannan ya ja zare ya ɗaure. Na gaba da shi ma haka. Ashe duk harabar ƙarar ce ke tashi a ƙarƙashin hayaniyar mutane, kamar kukan gyare da ba ka ji sai ka yi shiru. Shekara talatin da ɗoriya tana zama a cikinta, har kunnenta ya daina ɗaukarta a nan, sai da ta biyo ta gida.

Ba ta tsaya sayen komai ba. Ta riga Nikhat isa gida, ta ciro makullin da ta ɓoye a tulun shinkafa tun ranar da aka rubuta takardar haya, ta hau. Ɗakin tsaf. Takardu jingine da bango tuli-tuli har gwiwa, kowane ɗauri an huda shi an ɗinke da farin zare. Ga basilla, ga ɗan dutsen daka yajin da ta yi ta nema a kicin. Rubutun duk Turanci ne, bai ce mata komai ba. Sai da ta juya za ta fita ta lura gyalen da aka rataya a bayan ƙofa ya yi kafaɗu. Ta ɗaga shi. Baƙar kwat ce, an goge ta, a aljihunta ga farin ƙyallen nan mai harshe biyu da suke ɗaurawa a wuya.

Ta zauna a bakin gadon. Abin ya fito mata sarai: ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, ita a tsakiya kamar hatsi tsakanin duwatsun niƙa. Ɗan Saksena ne ya turo ta. Ya gaji da jiran mutuwar tsohuwa, ya samo siririyar yarinya mai ladabi ya cusa ta saman rufi, wata rana a wayi gari da alluna biyu a ƙofa. Ita kuwa tana nan tana shafa mata man kwakwa.

Ba ta yi kuka ba. Ta sauko da kwat ɗin ta shanya a igiyar tsakar gida, ta dafa abinci kamar kullum, ta zauna.

Nikhat ta shigo da sallama, ta tsaya cak da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Zo ki ci abinci, malamar tarihi," in ji Mehrunnisa. "Na ga rigarki tana son iska."

Yarinyar ba ta musa ba, kuma wannan ma ya ƙara wa tsohuwar zargi, don a ganinta mai gaskiya yakan ɗan rikice. Ta zauna a ƙasa ta faɗi komai a jere, kamar ta daɗe da shiryawa. Ta gama digirin farko a shari'a, aka ba ta izinin sa kwat. Ta samu gurbin digiri na biyu a nan, amma ɗakunan kwanan jami'a sun cika. Ita da kawunta suka yini suna shiga gidaje, duk inda suka faɗi gaskiya sai rufi ya fara yoyo. A wani gidan har an kawo musu shayi, da aka ji fannin sai aka kwashe kofunan. Da suka iso wannan ƙofar kawun ya ce tarihi, ita kuma ta yi shiru. Da safe tana aji ko ɗakin karatu. Da rana ta sa kwat a banɗakin jami'a ta je ta riƙe wa wani babban lauya jaka don ta ciyar da kanta. Da dare ta rubuta kundinta. Malamin da ke duba kundin tsohon alƙali ne, in ka miƙa masa takardu ba ɗinki sai ya sake su su watse a ƙasa ya ci gaba da shan shayinsa. Shi ya sa take ɗinke kowane babi yadda ake yi a kotu.

"Kundin a kan me?"

"A kan shari'un haya, Khala. Waɗanda suke daɗewa har masu ƙarar su mutu su bar su."

Mehrunnisa ta ji tsakar gidan ta ƙanƙance. Ta tambaye ta ko ta san labarin ɗakin gaba kafin ta ƙwanƙwasa wannan ƙofar. Wannan karon Nikhat ba ta ce ya danganta ba. Ta cire tabarau ta goge da bakin gyale, ta ce ta sani. Tun a digirin farko ana kawo misali da shari'ar a aji. Sunan Ishrat Ali yana cikin babinta na uku. Ta rantse ba don haka ta zo ba, sai da ta ga allon a bango ta gane gidan ne, amma ta yarda da ta gane ɗin ba ta juya ba. Ɗan Saksena kuwa tun makon farko ya gano ta daga yadda take rungume takardu. Zolayarta yake yi, yana kiranta abokiyar sana'a, yana cewa zai tona ta in ba ta gaishe shi ba.

"Khala, saura 'yan makonni in kare kundin gaban malamai. In na tashi yanzu ban san inda zan kai takardun nan ba, ga damina ta ƙarato." Ta matso ta dafa gwiwar tsohuwar. "Ki bar ni in zauna kafin in gama. Ni kuwa in riƙe miki shari'arki, ba sai kin nemi kowa ba."

Mehrunnisa ta san wannan maganar. Tana bayan labule ranar da aka faɗa wa mijinta wannan maganar, amarya da lalle a hannu, da kunnenta ta ji. Ko yarinyar ta karanto kalmomin ne a takardun shari'ar, ko kuwa haka bakin dukansu yake tun daga halitta, ba ta sani ba, ba ta kuma san wanne ya fi ban tsoro ba. Ta janye gwiwarta. Ta ce ta ci abincinta kada ya huce.

Kwanakin da suka biyo baya hira ta ɗauke a tsakaninsu. Tun da ba sauran abin ɓoyewa, Nikhat ta koma bita da ƙarfi a ɗakinta, tana kai da kawo. Mehrunnisa tana tsince shinkafa a ƙasa, Turancin yana gangaro mata ta matakala kamar ruwan sama a kwano, can sai ta ji sunan mijinta ya faɗo daga ciki, sarai, shi kaɗai. Sai hannunta ya tsaya a faifan.

Bimla ce ta kawo magani a kan katanga. A lungun akwai abin da masu gidaje ke yi tun kaka da kakanni, suna kiransa karya zama. Ranar ƙarshe ta wata na goma sha ɗaya, ɗan haya zai fitar da kayansa kaf zuwa lungu inda kowa zai gani, ko tsinke ba zai bari ba. A share ɗakin, a yayyafa ruwa, mai gida ya danna kwaɗo. Ɗan hayan ya kwana a wani gida. Da safe ya zo ya yi sallama kamar baƙo, a tambaye shi sunansa da garinsu, sannan a buɗe masa. Wai da haka zaman da ya yi a baya ya goge, ba zai taɓa tara shekarun da zai yi saiwa a ɗakin ba. Bimla ta ce ita za ta ba yarinyar wurin kwana, amma kada ta taɓa mata tukwane, tun da addininsu ba ɗaya ba ne.

Da aka gaya wa Nikhat ta buɗe baki, Mehrunnisa ta ga doka ta taso mata har maƙogwaro. Sai ta haɗiye, ta ce, "To, Khala."

Ranar ta zo da hadari a gabas. Nikhat ta yi ta hawa tana sauka da ɗaurin takardu a ƙirji, tana jibge su a barandar Bimla. Lungu ya fito kallo. Mai wanki ya ce ko jakinsa ba zai yarda da wannan kayan ba. Akuyar wani gida ta fara cin kusurwar babi na biyu, sai da aka kore ta. Mehrunnisa ta tsaya a dokin ƙofa da kwaɗo a hannu, tana bin kowane ɗauri da ido kamar za ta gane wanda mijinta ke ciki.

Ɗan Saksena ya fito da kofin shayi. Mutum ne mai tumbi da fara'a, bai taɓa wuce ta bai gaishe ta ba, yana kiranta Chachi, wato matar baffa, kuma duk bikin fitilu na Hindu yana aiko mata da alewa, ita kuma ta ba akuya. Ya dubi kayan, ya dubi kwaɗon, fuskarsa ta washe.

"Chachi, karya zama ake yi? Kin tuna mini da Baba. Ya ce a shekarun farko haka mijinki, Ishrat Chacha, yake sa shi fitar da teburin nan duk shekara. A nan tsakiyar lungu suke shan shayi a kansa su biyu, da safe a mayar." Ya nuna cikin ɗakin da kofin. "Kin ga ƙafar da aka ɗaure da waya? A dokin ƙofar nan ta karye."

Mutane suka yi dariya. Mehrunnisa ba ta yi ba, don ta tuna. Ita ce ake cewa ta fito ta share ɗakin gaba ta yayyafa ruwa sau ɗaya a shekara, ba wanda ya gaya mata dalili, ta ɗauka tsabta ce kawai. Ashe an yi maganin, an kuma maimaita, ga abin da ya haifar yana tsaye gabanta yana hura shayi. Duk da haka ta hau ta share ɗakin sama, ta yayyafa ruwa, ta danna kwaɗo, ta ƙulle makullin a bakin gyalenta.

Kafin magariba Bimla ta leƙo ta katanga ta rage murya. Ta ce tun da maganin ba ya ci, to ga wanda ya fi shi ya zo har gida: wa'adi ya cika, kaya suna waje, yarinya ta fita da ƙafarta a gaban shaidu.

"Ishrat ya samu wannan damar duk shekara, ya buɗe da hannunsa. Ke kada ki buɗe."

Ruwa ya sauka da asuba. Da gari ya waye Mehrunnisa ta leƙa ta tsagar ƙofa. Nikhat tana zaune a barandar Bimla, ta lulluɓe takardun da shimfiɗarta da kwat ɗin, ita kuwa kafaɗarta ta jiƙe. Ta ɗora wani babi a kan katako tana hudawa, bakinta yana motsi, tana ba ginshiƙin baranda amsar tambayoyin da malamai za su yi mata. Ba ta dubi ƙofar ba ko sau ɗaya. Ko haƙuri ne ko dabara, tsohuwar ta kasa rabewa.

Ta fito za ta karɓi madara sai ta tarar da ɗan Saksena yana goge allonsa da tsumma. Ya gaishe ta, ya waiga, ya matso.

"Chachi, in ba ki shawara, kyauta. Kada ki mayar da ita. Na san irinmu, ba ma fita."

Ta koma ciki da madarar, ta ɗora a wuta, ta tsaya a kanta. Tun tana amarya babu wani mai wannan suna da ya taɓa ba ta komai kyauta sai alewa. In shi ya turo yarinyar, me zai sa ya ce a kore ta? Sai dai in ya san duk abin da ya ce akasinsa za ta yi, ya faɗa don ta buɗe. To in kuma ya san ta san haka fa? Ta bi zaren ta dawo, ta sake bi ta dawo, har madarar ta tafasa ta zube. Tana goge murhu ne wani abu ya tsaya mata a rai. Lokacin da yake maganar bai yi murmushi ba. Tun yana yawo da gajeren wando ta san shi, ba ta taɓa ganin fuskarsa babu murmushi ba. Kuma idonsa ba a kanta yake ba, yana kan tulin takardun da ke barandar Bimla.

Ta kwance bakin gyalenta.

Nikhat ta zo ta yi sallama kamar baƙuwa. Mehrunnisa ta tambaye ta sunanta, ta faɗa. Garinsu, ta faɗa. Sannan ta ƙara tambayar da ba ta cikin al'ada: me take karantawa.

"Shari'a, Khala."

"Da ƙarfi. Bimla ba ta ji ba."

"Shari'a."

"To hau. Ki kuma maido mini da dutsen yajina."

Kada a ce zargin ya tafi. Makullin tulun shinkafa ya koma tulun shinkafa. Ta daina shafa mata mai na wani lokaci, sannan ta ci gaba, amma tana yi tana kallon ƙeyar yarinyar kamar za ta hango abin da ke ciki. Ranar kare kundi Nikhat ta fita ba ta iya karya kumallo ba, ta dawo bayan la'asar da kwalin alewa, muryarta a dishe. Ta ce malamai sun yi ta juya ta a kan babi na uku. Tsohon alƙalin nan har ya tambaye ta ko matar Ishrat Ali tana raye, ta ce masa da miyarta ta rubuta kundin. Sun amince, an ba ta digirin. Ta ce kuma akwai wata hanya da tsoho Kidwai bai taɓa bi ba. Ba ta yi alkawarin komai ba, ta ce ya danganta.

Mehrunnisa ta ci alewar, ba ta ba akuya ba. Kashegari ta sa lulluɓi ta je wajen mai rubuta alluna a bakin kasuwa, ita kaɗai, ta sa aka rubuta allon lauya da sunan Nikhat. Da allon ya bushe ta aro guduma, ta sa aka fito mata da kujera, ta hau da kanta, ta hana kowa riƙe mata ƙusa. Ta ce waccan wani ne ya kafa ta a bangonta, wannan kuwa da hannunta za ta shiga, don ta san zurfinta. Ta zaɓi wuri sama da allon Saksena da taƙi ɗaya. Ƙwas. Ƙwas, ƙwas. Nikhat tana ƙasa rungume da allon, baƙi da farin rubutu, ta kasa kallon kowa. Ɗan Saksena ya fito da kofinsa ya tsaya, bai kurɓa ba.

Bimla ta jingina da ƙofarta. Ta dubi tsohon allo, ta dubi sabuwar ƙusa, ta ɗaga kai ta dubi tagar ɗakin sama, inda aka shanya farin ƙyallen wuya a fili yana kaɗawa.

"To, Mehru," ta ce, "in ta fitar miki da na ƙasa, ita kuma wa zai fitar miki da ita?"

Mehrunnisa tana da sauran ƙusa ɗaya a leɓenta. Nikhat ta gyara tabarau. Ɗan Saksena ya dubi cikin kofinsa.